Mutanen Janowa da 'Yan Kura: Yadda Sunan Gari Kan Hau Kan Haja

A gaɓar Bahar Rum, can arewa maso yammacin ƙasar Italiya, akwai wani tsohon birni mai tashar jiragen ruwa wanda Italiyawa ke kira Genova, Larabawa kuwa suka san shi da sunan Janwa tun zamanin da. A wannan lacca za a riƙa ce masa Janowa. A kudancin birnin Kano kuma, kimanin mil 20 bisa hanyar Zariya, akwai garin Kura, wanda a yau gonakin noman rani suka kewaye shi tun daga Ƙarfi har Kadawa da Bunkure. Garuruwan nan biyu ba su yi kama da juna ba, ko ta wajen girma, ko ta wajen sarauta, ko ta wajen addini. Amma abu guda ya same su duka. Sunan kowannensu ya hau kan wata irin tufa da aka rina da baba, tufar kuma ta yi nisan da mafi yawan masu ita ba su taɓa yi ba, har aka kai ga mutum ya ambaci sunan kullum ba tare da ya san gari yake ambata ba.

Mutumin Janowa, a harshen Italiya, shi ne Genovese, jam'insa Genovesi. Amma su mutanen garin suna da nasu karin harshen, wanda ya bambanta ƙwarai da Italiyancin makaranta, a cikinsa kuwa garin Zena ne, mutuminsa Zeneize. Larabawa suka ce Janawi. Faransawa suka lanƙwasa sunan birnin ya koma Gênes, mutanen Ingila kuma suka karɓa daga bakin Faransawa. Watau dai kowace al'umma da ta yi ciniki da su ta sassaƙa sunan daidai bakinta. Yawan sunayen nan shi ne shaida ta farko a kan yawan yawonsu, gama wanda bai fita ba suna ɗaya ya ishe shi.

Dalilin yawon nan a fili yake ga wanda ya dubi taswira. Duwatsu sun matse Janowa ta baya, teku ya tare ta ta gaba, ƙasar noman da ke tsakani kuwa ba ta isa ta ciyar da gari ba. Saboda haka suka fuskanci ruwa. A shekarar 1284 suka karya rundunar jiragen birnin Pisa a yaƙin Meloriya, a 1298 kuma suka ci ta birnin Benis, babbar kishiyarsu. A kurkukun Janowa ne, a daidai wannan lokaci, matafiyin nan na Benis, Marko Polo, ya ba da labarin tafiyarsa zuwa ƙasar Sin aka rubuta. Tun kafin haka, yarjejeniyar da suka ƙulla da Sarkin Rumawa a 1261 ta buɗe musu Baƙin Teku, suka kafa unguwarsu ta Galata a tsallaken Santambul, suka riƙe tashar Kaffa a Kirimiya. Daga can suke kwaso alkama da siliki, da kuma bayi, domin cinikin bayi na cikin manyan ginshiƙan arzikinsu, ko da yake masu yabon birnin sukan so su tsallake wannan. A 1407 suka kafa bankin San Jojo don tattara bashin da ake bin hukumar gari, daga tsakiyar ƙarni na 16 kuma attajiransu suka zama masu ba Sarkin Sifen rance. Har akwai wata tsohuwar magana ta Latin mai nufin cewa da ka ji an ce mutumin Janowa, to, an ce ɗan kasuwa ke nan. Sauran Italiyawa kuwa har gobe suna tsokanarsu da rowa, kamar yadda Zazzagawa da Kanawa ke tsokanar juna.

Akwai wurin da labarinsu ya kusa taɓa ƙasar Hausa. A 1252 Janowa ta soma buga kuɗin zinariya nata na kanta, zinariyar da ke shiga Turai a wancan zamani kuwa mafi yawanta daga Afirka ta Yamma take, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma ta fito tashoshin Magrib. Mutanen Janowa suka gaji da saye a hannun na biyu da na uku. A 1447 wani ɗan kasuwarsu mai suna Antoniyo Malfante ya kutsa har Tuwat, a tsakiyar hamada, ya aika da wasiƙa gida yana bayanin abin da ya gani da abin da ya ji game da Tambutu da ƙasashen Baƙar fata. Asalin inda ake haƙo zinariyar ne bai samu ba, gama masu masaukinsa ba su nuna masa ba. Wannan Tuwat ɗin ita ce wadda Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya zauna a cikinta, ya taso daga can ya zo Kano wajen ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ƙasa da shekara 50 ke tsakanin baƙon da ya shigo Tuwat daga arewa da malamin da ya fita daga cikinta ya yi kudu.

Mutanen da suka bazu haka sukan bar sunansu a wurare na ban mamaki. A ƙarni na 16 wani gidan attajirai na Janowa, Lomellini, ya sami izinin tsamo murjani a tsibirin Tabarka da ke gaɓar Tunas, ya zuba masunta daga ƙauyen Peli na kusa da Janowa. Suka yi shekara kusan 200 a can. A 1738 waɗansu suka ƙaura zuwa wani tsibiri a gefen Sardiniya, a 1741 kuma Sarkin Tunas ya ƙwace Tabarka ya kama waɗanda suka rage. Jikokinsu har yanzu karin harshen Janowa suke yi, amma sunan da suke kiran kansu shi ne Tabarkini, watau mutanen Tabarka, sunan wani wuri a Afirka. A Ajantina kuma, 'ya'yan baƙin da suka sauka a unguwar La Boka ta birnin Buwenos Aires sun kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Boca Juniors a 1905, magoya bayanta kuwa Xeneizes ake ce musu, watau dai Zeneize ɗin nan, ko da mutum bai taɓa ganin Italiya ba. A Maroko ana kiran wata irin wuƙa janwi.

Sai dai duk waɗannan ƙanana ne in an gwada da tufa. Akwai wani yadi mai kauri da araha da matuƙan jirgi da 'yan dako ke sawa, wanda ake fitarwa ta tashar Janowa, ana rina shi da baba. Tun ƙarni na 16 takardun 'yan kasuwar Ingila ke ambatonsa da sunan garin bisa lafazin Faransawa. Sunan ya bi yadin ya haye Amurka. A 1873 Levi Strauss da wani tela mai suna Jacob Davis suka yi rajistar dabarar ƙarfafa aljihun wandon ma'aikata da ƙananan ƙusoshin tagulla, daga nan wandon jins ya kama hanyar cin duniya. Saurayin Kura da ya je Ƙofar Wambai ya zaɓi jins a cikin dilar gwanjo, sunan Janowa yake kira.

Ba- da -awa, ɗan da 'yan

Hausa tana da hanya biyu na kiran mutum da sunan garinsa. Ta farko ita ce a sa ba- a gaba don tilo, a sa -awa a baya don jam'i: Bakano da Kanawa, Bakatsine da Katsinawa, Bazazzagi da Zazzagawa, Basakkwace da Sakkwatawa, Bagobiri da Gobirawa. In an lura, wannan siga ta fi zama a kan ƙasashe masu sarauta da kan ƙabilu da zuriyoyi da masu sana'ar gado. Ta biyu ita ce ta ɗan da 'yar da 'yan, wadda kowane gari da kowace unguwa ke da haƙƙi a kanta. Mutumin Kura ɗan Kura ne, na Bunkure ɗan Bunkure, su duka kuwa Kanawa ne in sun fita waje. In aka ce Kurawa, kunnen Bakano unguwar nan ta cikin birni, kusa da gidan Sarki, yake fara ji.

Wanda ya bi sunayen ƙauyukan wannan yanki zai ga abin ya juya. A nan sunan mutane ne ya koma sunan wuri: Kadawa, Kosawa, Tanawa, Ciromawa, Dukawa, Jobawa. Dukawa jam'in baduku ne, mai aikin fata. Jobawa kuwa ɗaya ne daga cikin gidajen Fulanin da suka yi jihadi a Kano. Kowane irin wannan suna alama ce ta cewa waɗansu mutane sun zo sun sauka, maƙwabta suka kira wurin da sunansu. Sunayen kansu sukan yi ƙaura. Kalmar Turawa, alal misali, da can fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus ake nufi da ita, shi ya sa akwai Dandalin Turawa a cikin birnin Kano tun kafin Nasara su zo a 1903. Da suka zo sai sunan ya koma kansu.

Amfanin siga ta biyu shi ne ba ta tsaya ga ɗan Adam ba, tana hawa kan dabba da hatsi da tufa. A nan ne ɗan Kura ya sami ma'ana ta biyu. Ko'ina a ƙasar Hausa, in dattijo ya ce ɗan Kura, ba lalle mutum yake nufi ba, mai yiwuwa rawani yake nufi, baƙi wuluk mai sheƙi, irin wanda sarakuna da hakimai da mahayansu ke naɗawa ranar hawan Salla.

Aikin wannan rawani ba na mutum ɗaya ba ne. Manomi ya noma auduga da baba. Mata su gurje, su kaɗa zare siriri. Masaƙa su saƙa shi ƙyalle-ƙyalle marasa faɗi, waɗansu ba su wuce faɗin yatsa ba, maɗinka su harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya har ya zama turkuɗi. Sa'an nan a kai karofi, inda marina suka haɗa baba da toka da katsi a cikin rami mai zurfi suka bar shi ya nuna. A tsoma, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har launin ya wuce shuɗi ya doshi baƙi. Daga nan sai wurin mabuga, su shafa masa shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Shunin nan yakan zuba a jikin mai sanye da shi, masu saye kuwa ba aibi suke ɗaukar wannan ba, ado ne. Daga nan Turawa suka laƙaba wa Azbinawa sunan shuɗɗan mutane.

Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincikensa na digirin ƙoli a kan wannan sana'a, ya kammala a 1975. Ya nuna cewa bunƙasarta a ƙarni na 19 ta rataya ne a kan abubuwa da dama da suka haɗu. Akwai laso, wani irin siminti na gargajiya da ake haɗawa daga katsin da aka kwaso a gindin rami, a ƙona shi, a cuɗa da gashin dabba da ruwan dafara. Da shi aka iya gina ramuka manya masu riƙe ruwa shekara da shekaru, maimakon tukwane, kuɗin rini ya sauko. Akwai kuma faɗin kasuwa, gama Daular Usmaniyya ta haɗa ƙasashen da da suke yaƙi da juna a ƙarƙashin tuta ɗaya, masu sana'a suka yi ta kwararowa ƙasar Kano. Ba za a ɓoye na uku ba: gandaye da rumada da bayi ke nomawa suna cikin abin da ya wadata masaƙa da auduga, marina da baba. A wannan ma Kano da Janowa ba mai yi wa wani gori.

Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300. Ya ce suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu har gaɓar Tekun Atlantika ta yamma. Kano a lokacin tashar jiragen ruwa ce a bakin wani teku na rairayi, raƙuma ne jiragenta. Ayarin Azbinawa ya ɗauko gishiri da dabino daga Bilma, ya gangaro, ya sauka wurin fatomansa, ya koma da gero da turkuɗi. A harshensu suna kiran wannan mayafi alasho, kuma har yau shi ne abin da ango da babban mutum ke naɗawa a Agadas.

Abin lura a nan shi ne, bisa al'ada tasha ce ke cinye sunan haja. Liborno, wata tashar Italiya, mutanen Ingila suna ce mata Leghorn, kuma da wannan suna aka san wata irin kaza mai yawan ƙwai da wata irin malfa, alhali kajin na ƙauyukan Tuskani ne, malfar kuma a kewayen Filorans ake saƙa ta. Mafi kusa da gida, jar fatar akuya da majeman Kano da Sakkwato suka jeme ta ratsa hamada ta shiga Turai, aka yi ta yi wa littattafai bango da ita ana ce mata fatar Maroko. Majemin Bahaushe ya yi aiki, wani ya ɗauki suna. Kura ta tsira daga wannan. Ga ta a gindin babbar kasuwa irin Kurmi, amma rawaninta bai zama ɗan Kano ba. Ba wata doka da ta tsare mata sunan. Masu saye ne suka san bambancin bugun Kura da na wani wuri, suna biyan bambancin, shi ya sa dillali ya ga ribarsa tana cikin ambaton garin.

Daga karofi zuwa kwalbati

Shekarar 1911 ta zo wa wannan ciniki da abu biyu. A cikinta Italiya ta kama Tarabulus, yaƙi ya rikita bakin hanyar hamada ta arewa, a cikinta kuma dogo ya iso Kano, haja ta juya ta fuskanci Ikko. Tun 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da baba na kanti, wanda aka haɗa da sinadari, yadin Manchesta kuma ya cika kasuwa. Duk da haka turkuɗi ya daɗe bai faɗi ba, don masaƙar Turai ba ta iya kwaikwayon abin da Ba'azbine ke nema ba. Abin da ya fi yi masa illa shi ne talaucin masu sayensa: tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar Faransawa a Azbin, sa'an nan farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda suka karkashe dabbobin da ake sayarwa a sayi mayafi.

A daidai shekarun farin farko ne Gwamnatin Jihar Kano ta zamanin Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ta datse Kogin Kano a Tiga. An soma aikin a 1971 aka gama a 1974. An fara gwajin noman rani a Kadawa, da shawarar injiniyoyin ƙasar Holan, aka tsara kashi na farko zai shayar da hekta 22,000 a ƙasar da yanzu ta rabu tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kyawun tsarin shi ne ruwan da kansa yake gangarowa ta babbar hanya zuwa ƙanana, ba a bukatar inji ya tura shi. Bayan an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Masu tsarin alkama suka sa a gaba, don a rage wadda ake sayowa daga waje. Amma alkama tana son a shuka ta a tsakiyar Nuwamba ta sami sanyin hunturu, a lokacin kuwa dawa tana tsaye a gona ba a girbe ba. Manomi ya ga ana so ya sadaukar da tuwon gidansa saboda burodin birni. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin wajen ƙarshen shekarun 1970 ya nuna ƙananan manoma da yawa ba su da kuɗin taki da na tarakta da na ƙwadago, sai suka riƙa ba masu hali da ma'aikata hayar filayensu. Hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya ɗaga ta na ɗan lokaci, da aka janye hanin ta sake komawa baya. A ƙarshe manoma ne suka zaɓa wa kansu: shinkafa da damina, tumatir da albasa da masara da rani. Ƙasar da ake fita ci-rani daga cikinta ta zama inda ake zuwa ci-rani. Kuɗin wannan kuwa ba 'yan Kura kaɗai suka biya ba, gama ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsargiya da zazzaɓin sauro suka sami wurin zama.

Yau wanda ya bi hanyar Zariya ya iso Kura, ƙarar injinan casa zai ji a inda da ake jin amon bugu. Mata suna turara shinkafa a gida, ana shanya ta a fili, ana auna ta a kasuwa. Marina da mabuga suna nan, amma kaɗan ne in an gwada da na da. A Kwanar Gafan kuma ana loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa Ikko da Fatakwal, a Kadawa aka buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a 2016, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir.

Abin da bai bi wannan sabon arziki ba shi ne sunan. A bakin masu saye shinkafa iri biyu ce, 'yar Hausa da 'yar gwamnati, watau ta gida da ta waje, ta biyun ce kuma aka ɗauka ta fi daraja. Ko a lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka yi ta samun masu ɗura shinkafar gida mai kyau a buhuna masu tambarin ƙasashen Asiya don ta yi tsada. Labarin fatar Maroko ne ya dawo. Su mutanen Janowa tun 2005 suka sa dokar Tarayyar Turai ta tsare sunan garinsu a kan ɗoɗɗoyar da suke miya da ita, ba mai sayar da wata da wannan suna sai wadda aka noma a yankinsu. A Jamhuriyar Nijar ma, da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, manoma da hukuma suka tashi tsaye har ya janye, daga baya aka yi wa sunan rajista tare da na kilishin Nijar. Galmi gari ne na Hausawa manoman rani, bai kuwa fi Kura girma a tarihi ba. Tumatirin da aka tsinka a Gafan da asuba yakan kwana biyu a hanya, ya isa kasuwar Mil 12 ta Ikko a cikin kwandon da ba rubutu a jikinsa, mai saye ya tambayi daga ina, a ce masa daga Arewa.